Ginin Tukwane Ilimi Ne, Kada Mu Bari Ya Ɓace

Kafin ka ci gaba, ɗaga kai ka dubi tsakar gidanku. Ƙirga jarkoki da bokitan roba. Sa'an nan ka ƙirga randuna da tuluna. Wanne ya fi yawa? Na san amsar, domin ni ma na ƙirga na gidana.

Wata rana a ajinmu na yaƙi da jahilci, nan Difa, muna koyon harafin "t". Na ce kowa ya kawo kalmar da ta fara da shi. Wata ta ce tulu. Wata ta ce tukunya. Wata ta ce tanda. Sai wata dattijuwa da ke zaune can baya ta yi dariya, ta ce: "Malam, duk abin nan da suka lissafa, babu wanda hannuna bai gina ba."

Ashe maginiya ce. Garinsu yana bakin Komadugu. A shekarar 2015, da rikicin Boko Haram ya ƙetaro kogi, suka taso suka dawo cikin gari. Ta baro ramin da take haƙar yumɓu, ta baro wurin da take gashi. Na ce mata: "Iya, cikin ƴaƴanki wa ta koyi sana'ar?" Ta ce: "Ko ɗaya. Sun ce aikin wahala ne, ga datti, ga ba riba. Kuma da gaskiyarsu, wa zai saya?"

Maganar nan ta tsaya mini a rai. Ga ra'ayina, kai kuma ka auna da hankalinka. Ginin tukwane ilimi ne, kamar yadda karatun nan da kake yi ilimi ne. Ilimin da babu mai biyan kuɗinsa, babu mai koyonsa, mutuwa yake yi. In ya mutu a hannunmu, kada mu ɗora wa roba laifi. Laifinmu ne.

Abin da maginiya ta sani

Mutane da yawa suna tsammani tukunya laka ce kawai da aka gasa. To, gwada ka gani. Ɗebo laka ka mulmula, ka sa a wuta. Kafin ka juya ta tsage.

Maginiya ta san wurin da yumɓu mai kyau yake. Idan Komadugu ya janye bayan cikowa, ta san gaɓar da za ta haƙa, ta san wadda gishiri ya yi wa yawa. Ta taɓa da yatsa ta gane. Ta jiƙa yumɓun, ta tsince tsakuwa da saiwa, ta tattaka shi da ƙafa. Ta haɗa shi da ƙaiƙayi, ko kashin jaki, ko tsingaro da aka daka. Wannan haɗi shi ke hana tukunya fashewa a wuta. In ya yi kaɗan ta tsage, in ya yi yawa ta yi yoyo. Ba ta da sikeli. Hannunta ne sikeli.

Daga nan sai gini. Wasu kan kifa tsohuwar tukunya, su shimfiɗa yumɓu a bayanta, su yi ta bubbugawa har gindin ya fito. Sai su ɗora wuya da baki. Kaurin jikin ya zama ɗaya ko'ina. A shanya a inuwa tukuna, domin rana mai zafi tana tsaga ɗanyar tukunya.

Sai ado. A shafa jar ƙasa, a goge da ƴaƴan kuka da aka shirya a zare har jikin ya yi sheƙi. A mirgina murɗaɗɗiyar igiya a kafaɗar tulu, zane ya fito. Wasu kan zana layi da ɗigo da farar ƙasa. Wanda ya saba, da ya ga zane ya san garin da aka yi tukunyar, wani lokaci har ya san hannun da ya yi ta.

Ƙarshe sai gashi. A jera tukwane, a rufe da kara da ciyawa da kashin shanu, a cinna wuta. Ranar nan maginiya ba ta da kwanciyar hankali. Iska ta juya, aikin mako uku ya lalace.

To, ɗan'uwa, wanda ya san wannan duka, jahili ne? Ni da nake koya mata haruffa, da za a ba ni yumɓu, ko asusu ba zan iya ginawa ba.

Me ya sa ruwan randa yake sanyi?

A watan Afrilu da Mayu, zafin Difa ya kan wuce digiri 40. Ka sha ruwan jarka da azahar, kamar an ɗora shi a wuta. Ka sha na randa, ka ji sanyi har cikin ranka. Ga dalili. Jikin randa yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ruwa kaɗan yana tsattsafowa ta nan. Iska ta busar da shi, ya tafi da zafin da ke ciki. Haka gumi yake sanyaya jikin mutum. Roba ba ta da waɗannan ƙofofi, shi ya sa ba ta sanyaya komi. Randa ba ta neman lantarki, ba ta neman ƙanƙara. In an ɗauke wuta, ita ba ruwanta.

Wani malami a jihar Jigawa ta Nijeriya, Mohammed Bah Abba, ya yi amfani da wannan hikima. Ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Tumatir da ɗanyen tattasai da ganye suka riƙa daɗewa a ciki ba su lalace ba. A shekarar 2000 aka ba shi lambar yabo ta duniya ta Rolex saboda wannan aiki. Mu da muke noman tattasai da kayan lambu a bakin kogi, ai mu ya kamata mu fi kowa riƙe wannan dabara. Amma in babu maginiya, wa zai gina mana tukwanen?

Kuma sana'ar ba ta jiya ba ce. Masu binciken tarihi sun haƙa tsofaffin tuddai a ƙasar Barno, a Daima da Gajiganna. A Gajiganna sun tono tsingaro masu zane da suka haura shekara 3000. Kakannin kakanninmu na yankin tafkin Cadi suna gini suna ado tun wancan zamani. Yaƙi bai kashe sana'ar ba, fari bai kashe ta ba. Abin kunya ne a ce a zamaninmu ta ƙare.

Darasi daga ƙasar Japan

Wani zai ce: "Malam, zamani ya canza. Tukunyar ƙasa ta talaka ce. Duk ƙasar da ta ci gaba ta bar ta." To, bari in kai ka wata ƙasa mai nisa, can gabashin duniya, mu gani ko haka ne.

Ka san motar Toyota. Ka san injin ban-ruwa na Honda da ake shayar da tattasai. Kamfanonin ƙasar Japan ne. Babu mai cewa Japan ba ta ci gaba ba. Amma a ƙasar nan, har yau akwai mutanen da sana'arsu ita ce su zauna su gina kwano da hannu, su yi masa zane da hannu. Kuma ana girmama su ƙwarai.

Akwai wani ƙaramin gari a kudancin Japan, sunansa Arita. Wajen shekarar 1616 aka gano wani farin dutse a kusa da shi. In an niƙa dutsen ya zama gari, aka kwaɓa, sai ya ba da farin yumɓu. Da shi ake yin tangaran, irin fararen farantai da kofuna masu ƙara in an ƙyanƙyasa. Magina daga ƙasar Koriya ne suka fara aikin a can. Ka ga, su ma daga maƙwabta suka koya.

Ga yadda suke yi. A gina kwano, a shanya, a yi masa gashin farko. Sai mai zane ya ɗauki siririn buroshi na gashin dabba, ya zana fure ko tsuntsu ko kifi da shuɗin launi. Jikin kwanon yana shanye launin nan take, saboda haka in hannu ya karkace babu gogewa. Sai a tsoma kwanon cikin wani ruwan haɗi da ke zama kamar gilashi, a mai da shi wuta mai zafin digiri wajen 1300. In ana son ja da kore da rawaya, sai a sake zane a kai, a sake gashi na uku da wuta mai sauƙi. Sau da yawa mai gini daban, mai jan layi daban, mai cika launi daban. Kowa ya kan yi shekaru yana koyon nasa.

A garin akwai wani gida da ake kira Kakiemon, wanda ya yi suna wajen jan zane a kan farin tangaran. Uba ya koya wa ɗa, ɗa ya koya wa jika. A shekarar 2014 magaji na 15 ya karɓi sunan gidan. Kowace shekara kuma, daga 29 ga Afrilu zuwa 5 ga Mayu, ana cin babbar kasuwar tangaran a Arita, mutane su zo daga ko'ina cikin ƙasar su saya.

Kada ka ce sa'a ce kawai. Su ma kayan masana'anta masu araha sun shigo musu. Amma wasu daga cikinsu suka tashi suka ce kwanon da talaka yake cin abinci a ciki, wanda maginin ƙauye ya yi, abu ne mai daraja. A shekarar 1950 gwamnatinsu ta kafa dokar kare kayan al'ada. A 1955 ta fara zaɓen gwanayen masu sana'ar hannu, waɗanda jama'a ke kira dukiyar ƙasa mai rai. Cikin na farko akwai wani magini mai suna Hamada Shoji. Duk wanda aka zaɓa, gwamnati tana ba shi kuɗi kowace shekara domin ya riƙe sana'ar, ya kuma koya wa yara.

Ba na ce ba su da matsala ba. Can ma matasa da yawa sun fi son aikin birni, masu koyon sana'ar sun ragu. Kuma ba na ce mu yi tangaran irin nasu ba. Yumɓunmu daban, wutarmu daban, bukatarmu daban. Abin da nake so ka ɗauka abu uku ne: sun san sunan mai yi, suna biyansa daidai, suna tabbatar da an koya wa na baya.

Macen da ke jikin naira 20

Mu dawo kusa da gida. Nan Difa naira tana yawo a kasuwa kamar sefa. In takardar naira 20 ta shigo hannunka, juya bayanta. Za ka ga wata mace tana gina tukunya. Sunanta Ladi Kwali.

An haife ta a garin Kwali, ƙasar Gwari, wajen 1925. Ba ta yi karatun boko ba. A gida ta koyi gini tun tana yarinya, irin na hannu, kamar yadda iyayenmu suke yi. Tana zana ƙadangare da kada da kunama da kifi a jikin randunanta. Wani Bature magini, Michael Cardew, ya ga aikinta ya yi mamaki. A 1954 ta shiga makarantar koyon ginin tukwane da ya buɗe a Abuja ta dā, wadda yanzu ake kira Suleja. Ita ce mace ta farko a wurin. Ga wani abin sha'awa: malamin Cardew, wato Bernard Leach, a Japan ya koyi sana'ar, kuma abokin aikin Hamada ne, wanda na ambata ɗazu.

Ladi Kwali ta je Ingila da Amurka tana nuna yadda ake gini. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta. Ta rasu a 1984. Yumɓu ne ya kai ta nan, ba wani abu ba.

A ƙasarmu Nijar ma akwai garuruwan da tukwane suka fito da sunansu. In za ka Damagaram daga Difa, sai ka bi ta Mirya, garin da kowa ya san tukwanensa. Kusa da Yamai akwai Bubon a bakin kogin Kwara, inda mata ke yi wa tuluna zane da hannu, su kai kasuwar Laraba. Me zai hana a san na bakin Komadugu haka?

Mu faɗi gaskiya game da roba

Ba zan ɓoye maka ba, masu son roba suna da hujja. Jarka ba ta da nauyi, ba ta fashewa. Wanda ya gudu da dare da yara a hannu ba zai ɗauki randa ba. Wanda ambaliya ta kora, kamar yadda aka yi a 2019 da 2022, jarka ce ta taimake shi. Yarinyar da ke ɗebo ruwa daga famfo mai nisa, jarka ta fi mata tulu sauƙi. Ban ce a zubar da roba ba. Kowane abu da wurinsa. A ɗebo a jarka, a juye a randa.

Ma'aikatan lafiya kuma suna cewa randa buɗaɗɗiya tana kawo ciwo. Gaskiya ne, in an bar ta ba murfi, kowa yana tsoma hannu da moɗar da ta faɗi ƙasa. Amma maganin wannan a hannunmu yake. A rufe randa. A wanke ta a kai a kai. A ware moɗa mai dogon hannu ta ɗiba kaɗai, a rataye ta, a sha da wani kofi daban. Jarkar da ba a wankewa ita ma kore take yi a ciki.

Akwai kuma maganar makamashi. Itace ya yi tsada, daji ya ragu. Wannan ma gaskiya ne. Sai dai yawancin gashin tukwane da kara da ciyawa da kashin shanu ake yi. In magina uku ko huɗu suka haɗa gashi ɗaya, an rage ɓarna.

Babbar matsalar ita ce mu masu saye. Ni kaina na yi wannan laifi. Na taɓa tsayawa gaban wata mai tukwane a kasuwa, na yi ta ciniki kan randa har na rage kusan rabin kuɗin. Na tafi ina murna wai na iya ciniki. Ran nan kuma na sayi bokitin roba, yadda aka faɗa haka na biya, ban ce uffan ba. Bokitin bai shekara ba rana ta cinye shi ya tsage. Randar tana nan a gindin bishiya har yau. Ka duba fa: kuɗin roba ya tafi masana'anta mai nisa, kuɗin randa kuwa cikin tukunyar miyar maƙwabciyata zai shiga. Amma ita na matse. In kowa ya yi kamar ni, don me ƴarta za ta koyi sana'ar?

Abin da za mu iya yi

Ba sai mun jira gwamnati ko wata ƙungiya ba. Ga abin da ke hannunmu.

Na ɗaya, kowane gida ya ajiye randa, ko da guda. In ana haɗa kayan ɗakin amarya, a sa randa da kaskon turaren wuta na ƙasa a ciki, kamar yadda iyayenmu suka yi.

Na biyu, in ka je saye, tuna da kwanakin da aka yi ana aikin. Ciniki halal ne, amma kada ka karya mai sana'a.

Na uku, ke maginiya da kike cikin ajinmu, yanzu kin iya rubuta sunanki. Kafin tukunya ta bushe, ɗauki tsinke ki rubuta harafin farko na sunanki da sunan garinku a gindinta. Magina da yawa a Japan haka suke yi. Wanda ya ji daɗin randarki zai san wadda zai nema gobe.

Na huɗu, wannan naka ne, kai da ka fara karatu. Sayi littafin rubutu. Je wurin tsohuwar da ta iya gini a unguwarku ko ƙauyenku. Gaishe ta da ladabi, ka nemi izininta. Tambaye ta: ina ake samun yumɓu? Da me ake haɗa shi? Mene ne sunan kowace tukunya da Hausa, da Barbarci, da Fulatanci? Mene ne sunan kowane zane? Rubuta yadda ta faɗa. Zana zanen a gefe. Rubutunka bai yi kyau ba tukuna? Ba komi. Kawo aji mu gyara tare, mu karanta wa juna.

Na biyar, rubutu kaɗai ba ya gina tukunya. Hannu ne ke koyo. In ƴarka ko ɗanka ya nuna sha'awa, kada ka ce aikin ƙasƙanci ne. Ya je makaranta da safe, ya zauna gefen maginiya da yamma. Ilimi biyu ya fi ɗaya.

Dattijuwar nan ta ajinmu, bayan mun yi wannan magana, ta zo mini da ɗan kaskon turare da ta gina da yumɓun da wani ɗan'uwanta ya kawo mata a buhu. A gindinsa ta rubuta harafi guda, a karkace. Shi ne abu na farko da ta taɓa rubutawa a wajen allo. Matan ajin suka yi ta karɓa suna dubawa. Biyu daga cikinsu suka ce a gina musu. Jikarta ce ta riƙo mata kaskon zuwa aji, kuma na lura da laka a farcen yarinyar.

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Allah ya ba mu zaman lafiya a bakin Komadugu, kowa ya koma gonarsa da sana'arsa. Amin.

Tambayoyi domin tattaunawa a aji

1. Me ya sa ruwan randa ya fi na jarka sanyi?
2. Waɗanne abubuwa uku mutanen Japan suka yi don riƙe sana'ar maginansu?
3. Wace ce ke jikin takardar naira 20, kuma mece ce sana'arta?
4. Magina nawa ka sani a garinku? Su wa suke koyo a wurinsu?
5. Rubuta sunayen kayan ƙasa biyar da ake amfani da su a gidanku.